Kontakta, STO ko kwamfutar tsaro: wanne za ka saya wa injin da diraif ke juyawa?

Kafin ka fitar da kuɗi, ka amsa tambaya biyu: idan an buɗe ƙofar shingen inji, daƙiƙa nawa moto ke yi kafin ya tsaya cak, kuma sau nawa ake buɗe ƙofar a wuni? Bayan nan sai auna haɗari, wanda zai nuna matakin tsaro (PL) da ake buƙata bisa ƙa'idar ISO 13849-1, daga PL a zuwa PL e. Injin da zai iya guntule wa mutum hannu galibi PL d ko e yake nema, a aikace kuwa wannan layi biyu ne, ta yadda in ɗaya ya lalace ɗayan zai tsayar da injin.

Tsohuwar hanya ita ce kontakta biyu a jere, wato makunnan wuta masu aiki da maganaɗisu, rilen tsaro mai lura da ƙofa na ba su umarni. Ka tabbata kowace tana da haƙorin madubi, wato ƙaramin haƙori (mahaɗin wuta) da ba ya rufuwa muddin manyan haƙora sun narke sun manne. Waɗannan ƙananan haƙora ake jerawa cikin layin maɓallin sake kunnawa, sai rile ya ƙi tashi in kontakta ɗaya ta maƙale. Matsalar tana wajen da za a ɗaura su. In ka sa su a layin wutar da ke shiga diraif, wato na'urar da ke sarrafa gudun moto, duk buɗe ƙofa sai kafasitocinsa sun sake caji, shi ya sa masu ƙerawa ke ƙayyade yawan kunnawa, kuma yawaita hakan na ƙona da'irar cajin farko. Ga shi ɗan cajin da ya rage zai iya ci gaba da juya moto na ɗan lokaci. In ka sa su tsakanin diraif da moto, yanke wuta ana cikin jan kaya na iya lalata IGBT, wato transistocin diraif da ke tura wuta ga moto. Hanyar kontakta ta dace ne da tsohon diraif marar STO (Safe Torque Off, aikin da ke ɗauke wa moto ƙarfin juyi), a injin da ba a cika buɗewa ba.

Ga sabon aiki, diraif mai STO ya fi. IEC 61800-5-2 ce ta fayyace wannan aiki: layi biyu na 24V suna shiga diraif, da sun yanke sai a daina tura sigina ga IGBT, moto ya rasa ƙarfin juyi. Babu haƙorin da zai cinye, kuma ko sau ɗari aka buɗe ƙofa ba abin da zai same shi. Sai dai ka karanta takardar shaidarsa, domin wani ya kai SIL 3 (SIL wani ma'aunin matakin tsaro ne) da PL e, wani iyakarsa SIL 2 da PL d. Da yawa kuma daga masana'anta suke zuwa da gajeriyar waya da ta haɗe tashoshin STO. In an manta ba a cire ta ba, duk abin da aka haɗa ado ne kawai.

Abin da ke kashe mutane shi ne ɗaukar STO a matsayin yanke wuta. Diraif mai shan 400V yana riƙe da kusan 560V a cikinsa ko da STO na aiki. Mai gyara dole ya kashe babban makunni, ya sa kwaɗo, ya jira mintunan da aka rubuta a jikin diraif, sannan ya auna da mita.

STO sakin moto yake yi ya tsaya da kansa, abin da IEC 60204-1 ke kira tsayawa rukuni na 0. Zarto ko fanka mai nauyi za su daɗe suna juyawa. A nan SS1 ake so: diraif ya rage gudu da ƙarfinsa, sannan rile mai jinkiri ya yanke layukan STO. In rage gudun na ɗaukar daƙiƙa 3, jinkirin ya ɗan zarce haka, a kuma sa makullin ƙofa da ba ya buɗuwa sai inji ya tsaya. Kayan da ke rataye, irin na ƙugiyar ɗaga kaya, sai da birki, in ba haka ba STO zai sake shi ya faɗo.

Kwamfutar tsaro da ake tsara wa aiki, irin ta Pilz, Sick ko Siemens, tana biyan kuɗinta ne idan ƙofofi da diraif sun yi yawa, ko ana son inji ya yi tafiyar hawainiya lokacin saiti, wato SLS. Ƙofa ɗaya da maɓallin gaggawa ɗaya, rile ya wadatar.

Kada a yi rowa wajen makunnin ƙofa. Mai harshen ƙarfe yana da araha, amma ma'aikaci kan samo wani harshen ya cusa, inji ya yi ta aiki ƙofa a buɗe. Mai RFID, wato mai gane abokin haɗinsa ta siginar rediyo, da lamba tasa shi kaɗai, kamar yadda ISO 14119 ta bayyana, ya fi wuyar yaudara. Jera makunnai masu haƙora da yawa a layi ɗaya kuma na ɓoye laifi: buɗe ƙofa ta biyu kan goge alamar lalacewar ta farko. In na'urar tsaron da ke ba STO umarni tana fitar da ƴan siginonin gwaji, ka duba ko tashar STO na jure tsawonsu, don kada diraif ya riƙa tsayawa ba dalili.

Ranar karɓar aiki, inji na gudu, ka cire wayar layi ɗaya. Dole ya tsaya. Ka mayar da ita ka danna sake kunnawa: rile mai kyau ba zai tashi ba sai an buɗe layukan biyu an rufe. Ka maimaita da ɗaya layin.