Titaniyam mai banadiyam da mai niyobiyam: wanne ya fi kusa da ƙashi?

Ɗan'uwa, ka tambaya: tunda ƙarfen da ake dasawa a ƙugu duk titaniyam ake ce masa, me ya sa ake cewa wani ya fi wani dacewa da ƙashi, kuma shin gamin da aka zuba masa ne ke kawo bambancin? E, shi ne, amma ba kowane gami ne ke taɓa tauri ba.

Akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Tauri shi ne ƙin lanƙwasa idan nauyi ya hau, ana auna shi da gigafaskal, GPa a taƙaice. Ƙarfi kuwa shi ne yawan nauyin da ƙarfe zai jure kafin ya tanƙware ya ƙi dawowa ko ya karye, ana auna shi da megafaskal. Ɓawon ƙashin mutum taurinsa tsakanin 10 da 30 GPa ne. Ƙarfe mara tsatsa da ake aikin tiyata da shi kusan 200 ne. Tsantsar titaniyam wajen 105.

Gamin titaniyam na farko, wanda ya fi yawa a jikin mutane, shi ne Ti-6Al-4V: kashi 6 cikin ɗari alminiyam, kashi 4 banadiyam, saura titaniyam. A Amurka aka samar da shi a shekarun 1950 don jiragen sama, daga baya likitocin ƙashi suka ɗauka. Ƙarfinsa ya kai wajen megafaskal 900, alhali mafi ƙarfin tsantsar titaniyam wajen 550 yake tsayawa. To amma taurinsa 110 zuwa 114 ne, wato gamin ya ƙara ƙarfi sosai, tauri kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba, shi ma sama ya yi. Da aka damu da gubar banadiyam, a Suwizalan aka musanya shi da niyobiyam kashi 7, aka sami Ti-6Al-7Nb. Taurin bai wani motsa ba. Wannan ne wurin da mutane ke ruɗewa, su ga sunan niyobiyam su ɗauka an sami laushi.

Dalilin yana cikin yadda ƙwayoyin zarra ke jeruwa. A yanayin sanyi titaniyam yana jera ƙwayoyinsa a matse, tsari mai kusurwa shida da ake kira alfa. Idan zafi ya wuce digiri 882, sai su koma wani tsari mai ɗan sarari, mai siffar akwati da ƙwaya guda a tsakiya, shi ne bita. Tsarin bita shi ne mai ƙarancin tauri. Alminiyam da oksijin 'yan bayan alfa ne. Niyobiyam, tantalam, molibdinam da banadiyam suna riƙe bita ko bayan ƙarfen ya huce, amma sai an zuba da yawa. Kashi 4 ko 7 bai isa ya juyar da gidan ba.

Rukuni na biyu su ne waɗanda aka cika wa niyobiyam don su riƙe bita. Taurin Ti-13Nb-13Zr, mai niyobiyam kashi 13 da zakoniyam kashi 13, yana sauka zuwa wajen 80. Wanda Mitsuo Niinomi da abokan aikinsa suka haɗa a Japan, mai niyobiyam 29, tantalam 13 da zakoniyam 4.6, yana wajen 60. Ti-35Nb-7Zr-5Ta kuwa wajen 55, rabin na farkon ke nan. Babu alminiyam, babu banadiyam a cikinsu.

Amfanin wannan sai ka kalli hoton ƙashi za ka gane. Ƙashi abu ne mai rai, inda nauyi ke bi yana yin kauri, inda aka sauke masa aiki yana zaizayewa, kamar yadda Bajamushe Julius Wolff ya bayyana tun 1892. Idan sandar da aka cusa cikin ƙashin cinya ta fi shi tauri ninki biyar, ita ce za ta kwashe nauyin ta kai shi ƙasa. Bayan 'yan shekaru sai ka ga saman ƙashin, kusa da wuyan sandar, ya dusashe a hoto, ya yi siriri, ƙasa kuma inda sandar ta ƙare ya yi kauri. Sanda mai 60 tana barin ƙashin ya ɗauki rabonsa.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Masu bita a mafi laushinsu ba su kai na farkon jure maimaicin nauyi ba, ga shi ƙugu yana ɗaukar taku kusan miliyan ko fiye a shekara. Idan aka gasa su don ƙara ƙarfi, ɓurɓushin alfa yana fitowa a ciki, tauri ya sake hawa. In gashin ya kuskure, wani tsari mai suna omega ya fito, ƙarfen ya yi gautsi. Narkar da su ma aiki ne: titaniyam yana narkewa a digiri 1668, tantalam sai ya haura 3000, kuma yana da tsada. A gadon baya akwai wata matsalar daban, likita zai lanƙwasa sanda daidai da lanƙwasar bayan majinyaci, mai laushin ta ɗan miƙe da ya sake ta.

Ni a ganina, ga sandar ƙugu masu bita sun fi hujja a takarda, amma Ti-6Al-4V yana da shekaru masu yawa na shaida a jikin mutane, kuma likitoci ba sa wasa da wannan. Sannan kada lambar gami ta ɗauke maka hankali daga siffa. Ƙin lanƙwasar sanda zagayayya yana bin kaurinta ninki kan ninki: ka ruɓanya kaurin sau biyu, taurin ya ninka sau 16. Siririyar sandar Ti-6Al-4V za ta iya fin kakkaurar mai niyobiyam lanƙwasuwa, shi ya sa yanzu ake buga wasu dashe da ƙananan ramuka kamar soso, da wannan tsohon gamin, ƙashi ya tsiro ya shige cikin ramukan.