Dräger BG 4: Na'urar Numfashin Masu Ceto a Ramin Kwal

Ranar 10 ga Maris, 1906, wuta ta bi ƙurar kwal ta tarwatsa mahaƙar Courrières a arewacin Faransa, mutum 1,099 suka rasu. Masu ceton da suka taso daga Jamus sun kutsa inda guba ta tare hanya, domin goye suke da na'urar numfashi. BG 4, ƙirar kamfanin Dräger na Jamus, jikanyar irin waɗancan na'urori ce, kuma ta cancanci yabon da ake mata.

Numfashin mutum ba ya fita waje, zagayawa yake yi. Wanda ya fitar yana ratsa gwangwanin farar hoda mai tsotse gurɓatacciyar iska, ya shiga jaka, a ƙara masa oksijin, ya bi ta kan ƙanƙara ya huce, sannan ya dawo fuska. Tukunyar oksijin ɗin mai lita 2 ce kacal, cike da matsin bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), amma tana iya kai mutum awa 4. Kuma matsin cikin abin rufe fuskar ya ɗara na waje, don haka ko kafa ta samu, iska fita take yi, guba ba ta shiga.

Gwangwanin nan ne abin tsoro. In ba a girgiza hodar ta zauna daram ba, iska sai ta yi wa kanta hanya ta wuce ba a tace ba. Ciwon kai ne ke fara zuwa, sai haki, alhali agogon auna matsi na nuna oksijin na nan lafiya lau. Hodar da aka yi aiki da ita sau ɗaya zubarwa ake yi.

Nauyin kusan kilo 15 ne, a rami mai ƙasa-ƙasa inda sai da rarrafe kafaɗa na ji a jikinta. Da ƙanƙarar ta narke, numfashi na ɗaukar zafi ƙwarai. Gemu na hana robar kama fuska. Mai ko giris kuwa kada su kusanci bakin tukunya, gobara ce.

Ba ta dace da ƙungiyar da ba ta da mai kula da kaya ba. Bayan kowace shiga sai an warware ta, a wanke, a kashe ƙwayoyin cuta, ta bushe sarai, a gwada yoyo kafin a mayar da ita ma'ajiya.