Jinyar Umma: abin da na gani wajen nas-nas na ɗakin mata

Kwana 11 muka yi da Umma a wani asibitin gwamnati nan Kano, kansar mama ce data riga ta bazu, tun ranar farko likita ya ja yayanmu gefe yace sai dai a rage mata raɗaɗi. Ni ce mai jinya, a tabarma nake kwana gindin gadonta, don haka ba labari aka bani ba.

Magani kam ba laifi, mofin na ruwa, mai kashe raɗaɗi, duk awa 4 suna bata akan lokaci. Inda naji ciwo wajen magana ne. Akwai wata mai aikin safe, zata tsaya akan Umma tana cewa abokiyar aikinta da turanci wai bed 6 ba zata kai weekend ba, kamar ba mutum bace a kwance, alhalin Umma shekara 30 tana koyarwa a firamare, tsaf taji. Bata ce komai ba, fuska kawai ta juyar bango. Nasan aiki ya musu yawa, su biyu ne a ɗaki guda cike da marasa lafiya, amma wallahi rage murya baya cin lokaci.

Sai kuma Sistar dare, Allah ya saka mata da alheri. Bata taɓa Umma sai tayi sallama tace “Mama sannu, zan juya ki kar bayanki yayi gyambo.” Wani dare Umma ta riƙe hannunta tace “'yar nan faɗa min gaskiya, tafiya ce ko?” Ni dai kuka ya ƙwace min. Ita kuwa ta jawo kujera ta zauna, bata ce zaki warke ba, tace “Mama jikin yayi nauyi, rai kuma na Allah ne, akwai wanda kike so a kira miki?” Washegari aka ɗauko ƙanwarta daga Gaya, suka yafi juna.

Sistar ce ta koya min jiƙa wa Umma leɓe da auduga lokacin da haɗiya ta gagara, tace numfashi zai dinga tsayawa yana dawowa kar in firgita, in cigaba da yi mata kalmar shahada a hankali kusa da kunne, don sau da yawa suna ji ko basa amsawa.

Da asubahin Talata ita ta ja labule ta rufe mata ido, ta tsaya dani har yayanmu ya dawo daga masallaci.