Ɗanyen shayin Pu-erh na 2008: wata uku ina shan sa a Jidda

Ta intanet na saye shi, ya iso cikin farar takarda, dunƙule mai faɗi kamar faifai, giram 357. Haka mutanen lardin Yunan na ƙasar Sin suke matse ganyensu, su ɗaure bakwai-bakwai cikin ɓawon gora. Nawa ɗanyen ne, wanda suke kira sheng: ganye ne da aka gasa sama-sama, aka shanya a rana, aka matse, aka bar shekaru su nunar da shi. Ya bambanta da shou, wanda tun 1973 ake jiƙawa a tara shi tsibi don ya nuna cikin makonni.

Ranar farko na dafa shi yadda muke dafa namu, a buta a kan wuta. Ɗaci da bauri suka cika baki. Kawuna da ya zo daga Makka ya kurɓa ya ajiye finjali, ya ce, "Ɗana, wannan ai magani ne."

Sai na koma ga hanyar masu shi. Na ɓanɓaro giram shida da basilla daga gefe, a hankali don kada ganyen ya farfashe. Ƙaramin kofi mai murfi, mililita ɗari, tafasasshen ruwa. Zubin farko na wanki ne, a zubar. Na biyu daƙiƙa goma kacal, a tace. Ruwan ya fito ja-ja kamar zuma, da ƙanshin tsohon katako da busasshen dabino. Ɗacin yana nan, amma ɗan kaɗan ne, kuma da ka haɗiye sai wani zaƙi ya taso daga maƙoshi ya zauna, ba sukari ba madara. A nan kuɗina suka fita. Zubi na huɗu da na biyar sun fi kowane, kuma ganyen ɗaya yana kai ni zubi goma ina ƙara lokaci kaɗan-kaɗan. Ruwan kwalba mara gishiri da yawa nake sa masa, na famfo yana dushe shi.

Abin da ya ɓata min rai shi ne mai sayarwar bai faɗi inda aka adana shi ba, alhali wanda ya tsufa a danshin Hon Kon daban yake da na busasshiyar iskar Kunmin, babban birnin Yunan. Ajiyarsa a gidajenmu ma aiki ce. Ganyen yana zuƙe duk ƙanshin da ke kusa, wani ɓallin da na bari a falo kwana biyu ya koma turaren wuta zalla. Na'urar sanyaya ɗaki (esi) kuma busar da shi take yi. Yanzu yana cikin takardarsa, a kwali, a ɗakin da ba a turare.

Mai sha'awa ya fara da ɗan samfuri kafin ya sayi faifai guda. Kawu ya dawo ranar Juma'a, ya sha finjali uku, ya ce in ɓalla masa ya tafi da shi Makka.