Gargaɗi ga masu neman canza injin mota a Abuja

Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin da ya same ni nake so in faɗa muku, don kada wani ya sake faɗawa irin wannan ramin.

Corolla ce da ni, ƙirar 2005, mai inji 1ZZ, lita 1.8. Ta daɗe tana shan baƙin mai, ni kuma ina ta ɗaga gyara, har ran nan injin ya buga a hanyar Kubwa. A Facebook na ga tallar wani mutum, wai yana da injina 'yan Beljiyam, bai daɗe da sauke su daga Legas ba. Farashinsa ya yi ƙasa da duk wanda na ji a kasuwar kayan mota ta Apo, kuma nan ne ya kamata in tsaya in yi tunani. Ba shi da shago. A bakin titi muka haɗu, injin yana bayan a-kori-kura, an wanke shi tas yana ƙyalli. "Alhaji, wannan ko sukurudireba bai taɓa shi ba," in ji shi. Ya zo da bakanikensa, ya ce shi zai ɗaura mini kyauta.

Ana cikin ɗaurawa sai ya kawo maganar ƙarin ƙarfi. Wai akwai wani abu a cikin salansa da ke shaƙe mota, in an cire zan ga gudu, man fetur kuma zai riƙa daɗewa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wa zai ji wannan ya ƙi? Na amince. Ya haɗa mini da wata 'yar na'ura da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari, wai tana gyara lissafin kwamfutar mota.

Kwana tara ta yi lafiya. Ranar da na ɗauki iyali za mu Jos ta hanyar Keffi da Akwanga, muna fara Hawan Kibo allurar zafi ta tashi, farin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu. Da yara ƙanana a bakin wannan hanyar, ga tirelolin da ke gangarowa. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Na kira lambar wanda ya sayar mini da injin, a kashe.

Wani dattijon bakanike a Farin Gada, cikin Jos, ne ya buɗe mini ido. Ya kwance murfin mai ya nuna mini, man ya koma kamar shayi da madara, alamar ruwa ya shiga saboda gaskit ya ƙone. Ya nuna mini sabon gam da ya tsattsafo a gefen kaskon mai, da kawunan notina duk sun sha sufana. Ya ce, "Ɗana, wannan injin a ƙasar nan ya tsufa. Kwance shi aka yi aka lallaɓa." Man da suka zuba ma mai kauri ne sosai don ya ɓoye ƙara, alhali mai marar kauri, wanda ake kira 5W-30, ne aka tsara wa wannan injin.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne salansar. Abin da suka cire shi ne wanda kanikawa ke kira indomi, mai tace hayaƙi. A cikinsa akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam, ana sayensa da kuɗi mai kauri. Wato da bakina na ba su izinin kwashe mini dukiya, har ina godiya. Muddin bai toshe ba, cire shi ba ya ƙara wa ƙaramar mota wani ƙarfin kirki. Ƙara kawai take ƙaruwa, ga wari, ga fitilar inji da ba ta mutuwa. Na'urar kuwa da aka fasa ta, 'yar fitila ce kawai ke ƙiftawa a ciki.

Ban ce duk masu sayar da inji haka suke ba. A Apo akwai mutanen kirki masu shago, waɗanda za ka koma gobe ka same su. Amma don Allah ka je da bakanikenka, kada ka yarda da na mai kaya. Injin da aka wanke fes ka ji tsoronsa, ɗan Beljiyam na gaske yakan zo da ƙurarsa. A cire filogi a duba, a leƙa ƙarƙashin murfin mai, in an ɗaura a gwada matsin kowace silinda kafin ka cika kuɗi. A rubuta lambar injin a rasit tare da kwanakin gwaji, domin lambar da ke takardun motarka ta tsohon ce, kuma za a iya tambayarka a hanya. Tsohon injinka da indominka kayanka ne, kada su bar wurin sai da saninka.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda da hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗi. Shafin nasa ya ɓace, amma makon jiya na ga hotunan injinan nan dai, da a-kori-kurar nan, a wani sabon shafi da wani suna daban.