Lissafin ambato ko karanta aikin da kansa?

Jama'a, in za a auna mai bincike a fannin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi hanya biyu ce, kuma ni dai na san wadda na fi so.

Ta farko lissafi, a buɗe Google Scholar, shafin neman takardun bincike, a ga takardu nawa ya wallafa, sau nawa wasu masu bincike suka ambace shi a takardunsu. Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya kawo a 2005 ya sauƙaƙa abin, in kana da 20 to kana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Akwai sauri, gaskiya. Amma fa lamba ba ta bambance yabo da suka, kuma takardun dabarun aikin ɗakin gwaje-gwaje sun fi kwashe ambato, dubi ta Oliver Lowry ta 1951 kan auna furotin, an ambace ta sama da sau 300,000.

Ta biyu kuwa sai ka zauna ka karanta, ka tambayi me mutumin nan ya gano. Hodgkin da Huxley a Ingila, takardu biyar suka fitar a 1952 a Journal of Physiology, da jijiyar wata dabbar teku suka nuna yadda sinadarin sodiyum ke kwarara cikin jijiya na fotasiyum kuma ya fita har saƙo ya bi jijiya, a 1963 suka samu Nobel tare da wani masanin jijiyoyi, John Eccles, kuma har gobe lissafinsu ake koya wa ɗaliban likitanci. Wallahi wannan hanya ta biyu ce ta fi kwanta min, duk da tana cin lokaci kuma sai wanda ya san fannin ne zai iya.