IELTS ko C1 Advanced: inda suka bambanta a saurare da magana

Wata malama ta ce ta gama digiri a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tana neman na biyu a Ingila, makarantar kuma ta ce tana karɓar ɗaya daga cikin jarrabawar ƙwarewa a Turanci guda biyu, IELTS ko C1 Advanced ta Cambridge. Karatu da rubutu ba sa ba ta tsoro, saurare da magana ne ke tayar mata da hankali. Wacce za ta fi mata?

Malama, mu fara da kunne. A IELTS tambayoyi 40 ne cikin kashi 4, wajen minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunna muryar. C1 Advanced tambayoyi 30 ne, wajen minti 40, kowane kashi ana maimaita shi sau biyu. Jin haka sai ki ce ta Cambridge ta fi sauƙi, amma ki dakata. IELTS ta fi neman abin da aka furta ƙarara: sunan titi, lambar waya, farashi, ranar taro. Tarkonta shi ne mai magana ya ce Talata, can kuma ya gyara ya ce Laraba, ke kuwa kin riga kin rubuta kin wuce. Kuskuren harafi ɗaya yana cinye makin, haka barin s na jam'i, haka wuce adadin kalmomin da aka ƙayyade. Don samun mataki na 7 a ma'aunin IELTS, wanda ƙarshensa 9 ne, kina buƙatar amsa daidai kusan 30 cikin 40.

Cambridge kuwa manufar mai magana take bi: ya yarda ne ko kara yake yi, yabo ne ko habaici. Kashi na 4 shi ya fi kayar da mutane. Mutum 5 ne za su yi magana a taƙaice, ki amsa ayyuka biyu a kansu, tambayoyi 10, kowane aiki da zaɓi 8. Kalmar da kika ji a bakin mutum kuma kika gan ta a zaɓi, sau da yawa ita ce tarkon.

Atisayen ma ya bambanta ke nan. Mai shirin IELTS ta riƙa shifta minti 15 kullum: ta kunna, ta rubuta lambobi da sunaye, ba mayarwa baya. Ta dage kan bambance thirteen da thirty, da sunayen haruffan A, E, I, da G da J. Mai shirin C1 ta saurari hirar rediyo mai muhawara, ta tsayar bayan minti 1, ta faɗi ra'ayin mai maganar da kalmomin kanta.

A magana ne ratar ta fi faɗi. IELTS daga ke sai mai jarrabawa, minti 11 zuwa 14. A kashi na 2 za a ba ki kati, minti 1 na shiri da fensir, sannan ki yi ta magana har minti 2. Yawanci zance yana ƙarewa ne da wuri saboda an amsa abubuwan kan katin kamar ana cika fom. Ki ba kowane ɗaya dalili da misali. In an ce ki kwatanta wani wuri, Hubbaren Shehu ko kasuwar unguwarku sun ishe ki, kin san su ciki da bai. Amsar hadda kuwa nan take ake gane ta.

C1 minti 15 ne, ke da wani ɗan jarrabawa, gaban masu jarrabawa biyu. Za a ba ki hotuna 3 ki zaɓi 2 ki kwatanta cikin minti 1 ba tare da lokacin shiri ba, sannan ku tattauna ku biyu kan wani batu ku yanke shawara. Ana ba da maki kan yadda kike karɓar zance da miƙa shi. Nan kunyar da aka tarbiyyantar da mu a kanta tana iya zama asara: in abokin zaman namiji ne ko ya girme ki kika yi ta gyaɗa kai, babu abin da za a auna. Mai danne zance ma yana rasa maki.

Duka biyun ba sa neman ki koma Baturiya, a fahimce ki ake so. Abin gyara a bakinmu sananne ne: p da f, b da v, sai wasalin da muke cusawa tsakanin baƙaƙe a kalma irin street. Ki ɗauki muryarki a waya kina faɗin pull da full, ki saurara.

In ke kaɗai kike shiri, da waya da abin sa wa a kunne, IELTS ta fi dacewa, sai dai sakamakonta shekara 2 ake karɓarsa. Takardar C1 ba ta da ranar ƙarewa, ana cin matakin da maki 180, amma sai da abokiyar atisaye mai ƙarfin Turanci kamar naki, aƙalla zama 3 a mako, wani na riƙe muku agogo. Kafin ki biya kuɗi ki duba ko makarantar ta sa mafi ƙarancin maki a kowane ɓangare, domin jimilla mai kyau ba ta rufe raunin magana.